'Ya'yan Tsamiya Ashirin da Huɗu

Ni ba mai fita ba ce. Duk abin da na sani na duniya shigowa ya yi ya same ni a tsakar gida, yawanci ina bakin murhu. Ranar da aka ba mu jiharmu ta kanmu ma ina tace tsamiyar kunu maigida ya shigo da labarin, wai an raba mu da Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Na ce Allah ya sa alheri, na ci gaba da tata. Ban san abin zai zo har ɗakina ya shimfiɗa tabarma ba.

Abin da ya biyo baya shi ne neman masu takarda. Sabuwar jiha tana son ma'aikatanta, ko'ina ana cewa ga gurbi babu mai cike shi. Mutanen da suka ajiye biro shekara da shekaru suka kakkaɓe tsofaffin takardunsu. Kwalejin da ke bakin garinmu, Kaura, tana da wani aji da ake kira share fage. Wanda ya gama sakandare amma ya faɗi darasi ɗaya ko biyu, sai ya zauna shekara guda a gyara masa inda ya karye, in ya ci jarrabawar ƙarshe a ba shi kujera a cikin kwalejin sosai. Da safe ina jin wucewarsu ta bayan katangarmu, masu gemu da masu goyo, wasu 'yan Shinkafi da suka kama ɗaki a gari, wasu daga Ɗan Isa a kan keke, suna gardamar Turanci da Hausar gida. Har yau in na tuna Kaura ta lokacin, wannan hayaniyar ta safe ce take fara zuwa mini.

Ƙanwata, autar ɗakinmu, ta zo gidana ne bayan an ƙaddamar da shari'a. Shekara goma sha ɗaya na ba ta. Ni aji uku na yi a firamare, iska ta yaye rufin makarantar ƙauyenmu a ƙasar Zurmi, kafin a gyara na girma. Ita ta yi sa'a ta kai ƙarshen sakandare, ta ci komai ban da lissafi. Ta yi aure, ta haifi biyu, mace da namiji, mijin ya kwanta ciwon kwana tara ya rasu. Bayan ta fita takaba ta ji ana cewa asibitoci na neman mata, don yanzu an fi so mace ta duba mace, ko da ɗibar jini ne. Ta sa ranta a karatun masu awon jini. Surukarta ta karɓi yaran bisa alkawarin shekara ɗaya. In ta ci, ta ɗauko su su zauna da ita a Kaura. In ba ta ci ba, ta koma ƙauye ta zauna, a bar maganar boko.

A makon farko aka tara su aka ce su ne rukunin ƙarshe. Na sama sun fito da sabon tsari, daga baɗi babu share fage, wanda takardarsa ba ta cika ba ya tsaya a waje. Ta dawo ta gaya mini tana cire hijabi, kamar labarin wani take bayarwa. Na ce ai sai mu ɗaura ɗamara, sau ɗaya ne.

Lokacin an hana mata hawa kabu-kabu. Akwai motar mata mai hoton mace da hijabi a jikin ƙofa, amma ba ta da yawa, in ta cika sai a taka. Takan dawo bayan azahar ƙafa fari fat, ta ci tuwo, ta ɗan kishingiɗa. Da an yi la'asar sai mu baje tabarma ƙarƙashin darbejiya.

Mu gidan malamai muka tashi. Babanmu malamin zaure ne, a gabansa muka fara allo, don haka karatu iri ɗaya muka sani, wato hadda. Ta buɗe littafin lissafinta ta yi ta biyawa tana rangaji, sannan ta rufe ta kawo da ka. Ni kuma Allah ya ba ni kunne. Abin da aka faɗa sau biyu a gabana ya zauna, ko da yaren da ban sani ba ne. Sai na zama mai jin hadda. Ina tsince wake ina saurare, in ta yi tsallake in tare ta.

"Koma baya, Auta. Jiya a nan akwai wata kalma mai kama da sunan maganin tari."

Ta leƙa littafin ta ce, "Wallahi Yaya, ke ya kamata a ba kujerar."

Maigida ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, mai awon kaya. A shekarun nan jirgin ya fara yi mana rowar zuwa, sai ya riƙa dawowa gida da wuri, kuma tsakaninsa da ƙanwata akwai wasan da ke tsakanin mutum da ƙanwar matarsa. Ya jingine keke ya tsaya yana kallonmu.

"Likita, an kai izu nawa? A gaya mini da wuri in nemi ragon sauka."

"Yallaɓai, kai dai koma ka jira jirginka. An ce ya baro Zariya tun bara."

Kafin wata biyu ta haddace littafin nan tun daga bango. Ni ma na haddace. Har alfahari nake wa maƙwabta ta kan katanga.

Ranar gwajin farko ta dawo, daga sallamarta na san babu daɗi. Ta wuce ɗaki ko takalmi ba ta karkaɗe ba. Na bi ta na tarar ta zauna bakin gado da takarda a hannu, jan biro ya cika ta kamar an yanka kaza a kai.

"Malamin ya canza lambobin, Yaya. Duk abin da munka haddace, ko ɗaya bai kawo yadda yake ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da ita ba. A wurinmu malami ya biya maka abu, shi zai tambaye ka. Wanda ya biya maka wani ya tambayi wani, ai mugunta ce. Ban bar maigida ya sha ruwa ba sai da ya yi mini alkawarin zai nemi malamin lissafin nan ya gaya masa ƙanwata marainiya ce, mai marayu, ya ji tsoron Allah.

Ya same shi ranar Juma'a bayan an sauko. Ashe dattijo ne, mutumin Kurya Madaro, gajere mai farin gemu, shekarunsa da yawa yana koyar da 'yan share fage. Maigida ya dawo yana dariya tun daga zaure. Ya ce malamin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaya wa ke jin haddar. Da aka ce yayarta ce, wadda ba ta yi boko ba, sai ya ce madalla, an samu abin da ake nema. Ga saƙon da ya aiko: daga yau kada uwargida ta ƙara sauraren hadda. Ɗalibarsa ta rufe littafi ta yi mata bayani da Hausa, ita kuma ta yi ta tambayar "don mi" har sai ta gane, ko su yi faɗa.

Faɗan muka fara yi. Kwana uku muna yi. A rana ta huɗu ta zauna ta ce, da murya irin ta wadda ta gaji, ɗaya bisa takwas a tara da ɗaya bisa shida, amsa bakwai bisa ashirin da huɗu.

"Don mi?"

"Haka yake ga littafi."

"An ce ki rufe littafi. Na ji takwas, na ji shida. Ashirin da huɗun ga daga ina ta shigo ba sallama?"

Ta rufe littafin. Ta ce to, wataƙila a tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ta tara, wani abu dabam ya fito. Ta jefar da fensirin, idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "Bari kuka. Ɗaya bisa takwas ɗin, mi ake nufi da Hausa?"

"A raba abu takwas a ɗauki kashi ɗaya."

"Au, sumuni."

Da na faɗa na so in mayar da ita baki, don sumuni shi ne rabon matar mamaci mai 'ya'ya, kuma ba a yi shekara biyu da ba ta nata ba. Ta ɗago ta dube ni. Ta ce a hankali, ɗaya bisa shida kuma a raba shida a ɗauki ɗaya. Na ce sudusi ke nan, abin da aka ba surukarta.

Nan take Babanmu ya faɗo mini a rai. Shi ake kira rabon gado a ƙauyukan da ke kewaye da mu, wani lokaci kuma magadan su zo zaurensa. Yana da wata 'yar jakar fata da ya tsufa da ita, a ciki 'ya'yan tsamiya ne guda ashirin da huɗu, sun yi sulɓi don shafa. Ni ce babbar mace, ni ke kai ruwa zaure, kuma ba na saurin komawa. Sai in laɓe bayan zana ina jin yadda yake zuba su a kan buzu, yana cewa wannan na matar, wannan na uwar, saura na 'ya'ya. Bayan an gama da 'ya'yan tsamiya ne ake zuwa kan dammunan gero da gona da awaki. Ƙanwata ba ta san wannan ba, tana 'yar shekara bakwai ya rasu.

Na tashi na je wurin tukunyar kunu. Abin da ba ya yankewa a gidana ke nan, 'ya'yan tsamiya. Na wanke ashirin da huɗu na zube a kan faifai. Na ce ta kasa su kashi takwas. Ta kasa, uku-uku. Na ce sumuni uku ke nan, riƙe a ranki. Muka haɗe su, ta sake kasawa kashi shida, huɗu-huɗu. Na ce sudusi huɗu. Ke da surukarki, nawa kuka ɗauka?

"Bakwai," in ji ta. Ta daɗe tana kallon faifan. "Bakwai cikin ashirin da huɗu."

Ta kwashe su ta sake kasawa ita kaɗai, ta sake, har aka kira magariba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a gidan nan. Muka bi rubu'i da sulusi da rabi, duk abin da malamin ya ba su sai mu zube shi a faifai. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Maigida ya daina ce mini uwargida ya koma Shehiya, yana tambaya ko shi ma zai iya kawo allonsa. Ina kwasar tuwo ina ba da fatawar lissafi.

Sai wata rana ta zo da ɗaya bisa biyar a tara da ɗaya bisa uku. Na jawo faifai da ƙarfin gwiwa na fara kasawa biyar. Huɗu suka yi saura. Na sake, huɗu suka sake yin saura. Na ture faifan na ce malamin ya yi kuskure, babu humusi a rabon gado, ban taɓa jin Baba ya kasa biyar ba, kuma ba zan fasa ɗan tsamiya don wani mutumin Kurya ba.

Ta jawo faifan gabanta tana motsa su da yatsa. Na koma kan tankaɗena ina satar kallonta. Can sai na ga ta ware tara ta ajiye a gefen tabarma, ta bar goma sha biyar. Ta kasa biyar, uku-uku, ba saura. Ta haɗe ta kasa uku, biyar-biyar, ba saura. Ta ce takwas cikin goma sha biyar.

"Wa ya ce ki rage su? Ashirin da huɗu Baba yake da su."

"Yaya, Baba bai zaɓi ashirin da huɗu don tana da wata albarka ba. Don takwas na shiga cikinta, shida na shiga. In kashin ya canza, tulin ma sai shi canza." Ta dube ni tana danne dariya. "Ashe ke ma hadda kiy yi."

Na ji zafin maganar har cikin ƙirjina, don gaskiya ce. Shekara talatin ina ɗauke da lissafin Babanmu a ka, ban taɓa tambayarsa don mi ba. Na ce ta tashi ta ɗebo mini ruwa tun da ta zama malama. Ta tashi tana dariya. Daga ranar ta wuce ni. Suka shiga lissafin da ake sa haruffa a madadin lambobi, wanda faifai ba ya ɗauka, amma ba ta koma rangaji ba. Ta rufe littafi ta yi mini bayani, ni kuma in yi ta "don mi" ko na gane ko ban gane ba. Sau da yawa tana cikin ba ni amsa sai ta tsaya ta ce, af, ga inda na ɓata.

Malamin ya zo gidanmu sau ɗaya, da hantsi, ranar da babu aji. Ya ce ya ga ɗalibarsa tana motsa wani abu a ƙarƙashin tebur, ya tambaya, ta ba shi labari. Suka zauna a zaure da maigida, ni ina daga ciki bayan asabari muka gaisa. Ya ce roƙo ya zo, in da hali a sam masa 'ya'yan tsamiya, yana da ɗalibai masu gemu da suka fi ƙanwata taurin kai. Na cika masa kwano. Da na ga yana da sauƙin kai sai na tambaye shi abin da ke cina, don mi za a rufe ajin.

Ya ce, "Hajiya, masu sabon tsari ba mahaukata ba ne. Sun ce a gyara sakandare yadda yaro zai fito da takardarsa cikakka, ba sai an yi mishi faci ba. Na yarda da su. Abin da nike tambaya, waɗanda sunka riga sunka fito fa, da waɗanda za su fito kafin gyaran shi kankama? Har yanzu ba a ba ni amsa ba." Sannan ya ce shi ma da faci ya shiga kwaleji a zamaninsa.

Jarrabawar ƙarshe ta zo da farkon damina. Na ce ta tafi da 'ya'yan tsamiyar, ta ce ba za a bari ba, na ce ba littafi ba ne. Na ƙulle mata su a gefen hijabi da hannuna. A ƙofar ɗakin jarrabawa an sa mace tana laluben mata, wata ma'aikaciya mai jiki. Ta taɓa ƙullin ta kwance.

"Wanga fa? Asiri ne, ko kunu za ki dama muna a ciki?"

Duk layin aka yi dariya. Ta karɓe ta ce in an fito a zo a amsa. Ƙanwata ta ce da ta zauna ta kai minti biyar ba ta rubuta ko sunanta ba. Sai ta juya bayan takardar tambaya ta fara ɗiga ɗigo da biro, tana kasa su. Bayan tambaya biyu ta ga ba ta ma bukatar ɗigon. Da aka tashi matar ta mayar mata da ƙullinta, ta ce Allah shi ba da sa'a.

Mako shida muka jira. Ranar da aka ce an liƙa sakamako ta fita tun da safe, ni kuma na dama kunun da ya fi kowane tsami a rayuwata, don sau biyu na zuba ruwan tsamiya. Ina zaune na ji takunta a zaure. Ban jira sallama ba, na san takun. Ta shigo ta tsaya a tsakar gida, laka har idon sawu, ta ce, "Yaya, lissafin da kyar ne. Amma sunana na nan."

Aka rufe ajin kamar yadda aka ce. An gaya mini ɗakin ya koma wurin ajiye karyayyun kujeru, malamin kuma ya yi ritaya ya koma gonarsa. Bayan wasu shekaru na ji an buɗe wani abu mai kama da shi da sabon suna, aka sake rufewa, aka sake buɗewa, na daina bi. Jikokina yanzu wani shago suke zuwa suna danna kwamfuta, a ba su amsa huɗu su zaɓi ɗaya. Wataƙila ya fi, ban sani ba. Ni dai ban taɓa jin an ce wa ɗayansu ya je gida ya yi wa kakarsa bayani ba, ga ni kuwa zaune da kunnena. Ƙanwata ta gama karatunta, ta yi shekaru tana ɗibar jinin mata a asibiti a Shinkafi. Hanyar ba ta biyuwa yanzu kamar da, sai dai waya.

Amma a makon da sakamakon ya fito, ranar Asabar, ta hau mota ta tafi Zurmi. Surukarta ba ta saɓa alkawari ba. Ta haɗa wa yaran kayansu a buhu, ta ƙara da gero da kuka da 'yar daddawa, ta rako su har bakin hanya. Suka iso Kaura da la'asar, maigida ya tarbe su a tasha ya ɗoro buhun a keke. Namijin ya maƙale a jikin uwarsa ya ƙi sauka. Macen kuwa, 'yar shekara shida, ba ta yi baƙunta ba, ta shiga zagaya gida tana buɗe duk abin da ke da murfi.

Na ajiye 'ya'yan tsamiyar nan a gwangwanin madara a kan taga. Muna cikin hira sai na ji ƙararsu a ƙasa. Na leƙa na ga yarinyar ta zube su ƙarƙashin darbejiya tana carafke, tana wurga ɗaya sama tana kwashe saura, wasu sun gangara cikin kwata, kaji na bin wasu. Na miƙe zan yi mata tsawa, ƙanwata ta riƙo gefen zanena.

"Ƙyale ta, Yaya. Ko nawa sunka rage sun isa."

Na koma na zauna.